Kawu da Fim ɗin da Aka Wanke da Sabulu

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu tafiya. Ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na unguwar Hausari, nan Potiskum, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Ni 'yar ƙanwarsa ce. Na zauna rubuta wannan ne don na san halinmu a garin nan: kwana arba'in ana ambaton mutum, daga nan sai hira ta koma kan tsadar taki.

Na sha zuwa gidan makoki, amma ban taɓa ganin inda masu ta'aziyya ke zuwa da hotuna a aljihu ba sai a nasa. An ce min maza a ƙofar gida, da an shafa addu'a sai wani ya zaro nasa ya miƙa wa na kusa da shi. Na mata kuwa da idona na gani. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, 'yar Karai-Karai, ta kwance bakin zaninta ta fito da wani ɗan hoto baƙi da fari wanda gefensa ya cinye.

"Maigidana ne wannan," in ji ta da irin Hausarta. "Marigayi Malam ta ɗauke shi yana gyaran rufin ɗaki, ko sani bai yi ba. Shi kaɗai nake da shi."

Aka yi ta wucewa da shi hannu zuwa hannu. Wasu na cewa Allah Ya jiƙan wanda ya ɗauki hoton. Wasu kuma, a ƙasa-ƙasa, na cewa mutum ne mai wuyar sha'ani. Su ma ba ƙarya suka yi ba.

Mutum ɗaya ce ba ta kalli hoton kowa ba, ita ce Umma, mahaifiyata, autar ɗakinsu Kawu. Da aka gama shirya shi aka kira mata su shiga su yi masa addu'a su yafe masa, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa. Matar Kawu, wadda muke kira Hajiya, ta riƙo hannunta.

"Shiga mana, ki yafe wa ɗan'uwanki."

"Me ya yi min da zan yafe?" in ji Umma. "Ni ce na yi masa. Yanzu wa zai tambayar min shi?"

Ta shiga ta yi addu'arta ta fito, ta zauna a gindin randa, ranar ko koko ba ta sha ba. Shekara hamsin ke nan tana jiran kalma ɗaya daga bakin yayanta, wato ya ce ya yafe mata, ga shi an ɗauke shi a makara bai faɗa ba. Wannan ne ya fi mutuwar ita kanta ci mata rai, kuma kowa a dangi ya san dalili.

Kakanninmu fatake ne daga Kano, wake da gyaɗa suka kawo su Potiskum suka zauna. Kawu ya gaji fataucin. A wata tafiya yana saurayi ya dawo da kyamara, baƙa, mai nauyi, a cikin jakar fata. Ba ta cin batir. Akwai ɗan hannu da ake ja da babban yatsa bayan kowane ɗauka, da bakin gilashi da ake murɗawa har sai fuska ta fito sosai. Fim ɗaya hoto talatin da shida, in ya ƙare ya ƙare. Kuma ba a ganin komai nan take. Sai an nannaɗe fim ɗin a cikin ɗan gwangwaninsa an kai shi Kano, a buɗe a ɗaki mai duhu, a tsoma a ruwan magani. Wannan aikin shi ake ce wa wanke hoto. In haske ya taɓa fim kafin nan, komai ya tafi.

Inna, kakata ke nan, ba ta son hoto. Cewa take me za a yi da fuskarta a takarda alhali ga ta a zaune. Sai da ciwo ya ci ƙarfinta sannan wata safiya ta ce wa Kawu, "To zo ka yi abin naka, ka huta da damuna." Ta ɗaura saƙinta na zuwa biki, aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki, ya ƙarar da fim guda a kanta. Bayan kwana tara ta rasu. Ba ta da wani hoto a duniya sai wanda ke cikin wannan gwangwani.

Umma tana da shekara goma sha biyar a lokacin. Tana kai wa maza ruwa a zaure sai ta ji Kawu yana gaya wa masu gaisuwa, da muryar da ta dishe don kuka, "Akwai hotonta. Wanki kawai ya rage." Ta ji ya faɗa sau biyu, sau uku. Ita kuwa duk wankin gidan a hannunta yake tun da Inna ta kwanta. Ta ga yayanta ya rame, ba ya ci ba ya sha, ta ce bari ta rage masa aiki ɗaya. Ta ɗauko gwangwanin daga kan taga, ta ɓalle shi da wuƙa, ta zaro fim ɗin har ƙarshe. Ta sa shi a tasa da sabulun salo ta cuɗa a hankali don kada ya yage, ta ɗauraye sau biyu, ta shanya a igiya kusa da zannuwa, a tsakiyar rana. Sannan ta je ta durƙusa a bakin zaure.

"Yaya, na wanke maka."

Ta ba ni labarin nan sau ɗaya tak, kuma ta ce ba ta taɓa jin daɗin wani aiki da ta yi ba kamar yadda ta ji a wannan ɗan lokaci kafin ya fito. Ya fito, ya ga abin da ke lilo a igiya. Bai dake ta ba, bai zage ta ba. Ya ɗaga fim ɗin ya duba shi a rana tun daga farko har ƙarshe, ya naɗe, ya koma zaure. Ta ce da ya mare ta da ya fi mata sauƙi.

Manya sun shiga maganar daga baya, bayan aurenta, suka ce yarinya ce, kuma alheri ta nufa. Ta durƙusa a gabansu ta ce, "Yaya, ka yafe min." Ya ce, "Ya wuce." Manya suka shafa fatiha suka watse, su a ganinsu an gama. Umma kuwa ta ji abin da ya faɗa da wanda bai faɗa ba. Har gobe in ka ce mata ya wuce, za ta ce maka rana ma wucewa take yi, gobe ta dawo.

Kada mai karatu ya ɗauka gaba suka yi. Kawu ne ya tsaya a kan aurenta, shi ya yanka ragon sunana, duk sallah sai buhun shinkafa ya iso gidanmu a Yerimaram. Amma bai ƙara ɗaga kyamara a kanta ba. A hoton aurenta akwai ango, akwai ƙawaye, akwai har mai kalangu, babu amarya. Ita ma ta janye ƙafa daga gidansa, sai in haihuwa ko rashin lafiya ta kai ta.

Tun daga ranar kuma ya daina cewa wanke hoto. Cewa yake, "Zan fitar da su." In wani ya ce, "Malam, an wanke namu?" sai ya ɗaure fuska ya ce, "Riga ce?" Ya kuma daina ba kowa fim ɗinsa. Ya je Kano ya koyi aikin da kansa, ya mayar da ɗakin ajiyar wake ɗakin duhu, ya toshe taga da bargo da buhuna. Hajiya ta yi shekaru tana mitar farantanta uku da ya kwashe ya zuba musu ruwan magani mai warin tsami. In ya shiga ɗakin nan, ko gobara ake yi sai dai a ƙwanƙwasa a jira.

Ba sana'a ya ɗauki abin ba. Wanda duk ya kira shi mai hoto sai ya gyara masa: "Ni mai wake ne." Ba a ɗaukarsa biki, ba a sa shi. Shi ke zaɓar wanda zai ɗauka, kuma wannan ya jawo masa baƙin jini ba kaɗan ba. Wani attajiri ya taɓa cin ado da babbar riga ya zo har gida, Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce fim ya kusa ƙarewa. Attajirin na fita, ya ɗauki mai gyaran takalmi da ke ƙofar gida yana zare ƙusa da haƙori.

In zai ɗauke ka, ka shirya tsayuwa. Zai miƙa tafin hannunsa ya dubi inuwarsa a ƙasa, ya dubi sama, ya auna nisa da taku yana ƙirgawa a fili. Sannan ya ce, "Tsaya, rana ba ta iso ba." Sai ka yi ta tsayuwa har murmushin ya bushe maka a fuska, ka gaji, ka juya za ka yi wa wani magana. A nan za ka ji ƙaras. In ka yi ƙorafi ya ce, "Da can katin zaɓe kake, yanzu ka zama mutum." Ni kaina hotona da ya fi kowanne kyau, ina cikin yi masa tsiwa ya ɗauka, baki a buɗe.

Da wayoyi suka cika gari, jikoki suka sa shi a gaba. Su ɗauke shi sau ashirin a minti ɗaya su nuna masa. Ya karɓa ya duba da kyau, ya ce, "To, wanne ne a ciki?" Su ce duka. Ya ce, "Ashe ba ku ɗauki ko ɗaya ba." Fim ya yi wuyar samu, sai direbobin tirela ke taho masa da shi daga kudu, wani lokaci a yi wata huɗu ana jira. Yana ajiye shi a gwangwanin madara, ya binne a jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa saboda zafin garin nan. Gaisuwarsa da mutanen unguwa ma ta zama, "Malam, saura nawa?" Shi kuma ya leƙa kan kyamarar ya ce, "Saura bakwai, kuma babu naka."

Amma mutumin nan da ke hana attajiri hoto, ga abin da ya yi. Ranar addu'ar uku wani dattijon Bafulatani ya zo gaisuwa, ba wanda ya san shi. Ya nemi a yi masa iso wurin Hajiya, ya tsuguna daga nesa, ya warware wani ƙyalle, ga hoton bijimi fari mai manyan ƙaho, da wani mutum ya kifa goshinsa a wuyan bijimin. Ya ce shekarun baya rashin lafiyar matarsa ta sa ya kawo bijimin kara, wato kasuwar shanu, kuma shi ya raine shi tun yana ɗan maraƙi. An gama ciniki, masu lodi na jira, ya tsaya yin sallama da dabbarsa. Bai ma san an ɗauke shi ba.

"Bayan wata uku sai ga ta a rugarmu, can bayan Fika," in ji shi, yana nufin Kawu. "Ta yi ta tambaya, ina mai farin bijimi, ina mai farin bijimi. Ta ba ni wannan. Na ce ga nono, ga kaza, ta ce ruwa kawai. Mi yetti, na gode, na gode. Allah Ya ba ta Aljanna."

Hajiya ta ce ta tuna ranar, ya dawo da ƙafafu a kumbure ya ce mata ya je duba wake ne. Na yi kuka da jin wannan labari, kuma ba zan ɓoye ba, har da haushi a cikin kukan. Mutum ya yi tafiyar yini don ya sanyaya zuciyar baƙo a kan sa, amma ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ya kasa ba ta kalma ɗaya.

Na taɓa gaya masa haka a fuskarsa, kuma shi ne faɗan da muka yi. Wajen shekara goma sha biyu da suka wuce, bayan rasuwar mahaifina, Kawu ya tsiri zuwa gidanmu duk Juma'a bayan la'asar. Zai sauka daga keke mai ƙafa uku, kyamara a wuya, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma. Umma ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa, ta koma kan aikinta, tsintar shinkafa ko gyaran zogale. Shi kuma ya zauna yana kallonta. Ba hira, ba komai. In ta ɗago ido ya kawar da kai. Kafin magariba ya ce, "To, na gan ku," ya tafi. Umma ta ɗauki wannan a matsayin hukunci. Takan ce min, "Zuwa yake ya tuna min." Tun daga safiyar Juma'a ba ta da sukuni.

Wata Juma'a na je gida na tarar da su haka, raina ya ɓaci. Na bi shi har bakin titi.

"Kawu, don Allah me Umma ta yi da ba ya ƙarewa? Yarinya ce fa a lokacin."

"Na ce ta yi wani abu?"

"To ka ce ka yafe mata mana. Ko ka ɗauke ta hoto ɗaya, ta san ta fita."

Ya dube ni ya gyara igiyar kyamararsa. "Ke da wa kike magana haka?"

"Da kai, Kawu. Riƙo ne da kai, kuma Allah ba Ya son riƙo."

Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu. Sai ya tsayar da keke ya hau. Wata biyu ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Amma Juma'a ba ta taɓa wuce shi ba, har makon da ya kwanta. Na nemi gafararsa daga baya ya ce min, "Ke ai bakinki na gado ne," muka shirya. Zancen Umma kuwa bai sake bari na tayar ba.

Ina roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa taurin kansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da alherin da ya yi a ɓoye, wanda na tabbata ya fi wanda muka sani yawa.

Ranar bakwai, bayan an yi addu'a an raba waina, mutane suka ragu. Muka rage mu uku a ɗakin Hajiya, ni da ita da Umma. Umma ta zabge a kwana bakwai ɗin nan, har na fara tsoron kada mu yi makoki biyu. Hajiya ta auri Kawu ne shekara guda bayan rasuwar Inna, ba ta taɓa ganinta ba, kuma ita da Umma ba su saba doguwar hira ba. Tana jan carbi tana lissafa halayensa, irin yadda mai takaba ke yi don ta ji sanyi.

"Shi dai akwai son uwa," in ji ta. "Shekara goma sha biyu, duk Juma'a bayan la'asar sai ya je maƙabarta. Ko ruwa ake yi. Ya saɓa kyamararsa ya ce min, 'Zan je in gaida Inna.' In ce a gaishe ta, Allah Ya kai rahama. In ya dawo kuma ranar har tuwo yake ƙarawa."

Umma ta ɗago kai. "Wace rana kika ce?"

"Juma'a."

"Bayan la'asar?"

"Bayan la'asar. Ya dawo dab da magariba."

"Hajiya," in ji Umma a hankali, "Juma'a bayan la'asar ai a gidana yake."

Carbin ya tsaya a hannun Hajiya. Ta dubi Umma, ta dube ni. Ni ma na dubi mahaifiyata kamar ban taɓa ganinta ba: furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali, da kumatun da suka faɗa, da yadda take karkatar da kai in tana sauraro. Na yi lissafi a zuciyata, na ga lokacin da Kawu ya fara zuwa, shekarun Umma sun kai daidai na Inna a ranar da ta zauna a kan tabarma aka ɗauke ta. Duk wanda ya san fuskar Inna ya mutu, saura shi kaɗai. Umma kanta ta sha gaya min cewa fuskar ta ɓace mata tun tuni, sai murya kawai take tunawa, kuma tana ganin wannan ma alhakin abin da ta yi ne.

"Haka yake cewa?" Umma ta tambaya. "Da bakinsa? Zan je in gaida Inna?"

"Wallahi haka yake cewa. Duk mako."

Ba zan ce Kawu ya furta kalmar da Umma ta jira ba, don bai furta ba, kuma har yanzu ina ganin da ya furta da ya kyauta. Umma ta kai ido jikin bango. Sannan ta ce, "Miƙo min madubin can."

Na ciro ɗan madubin Hajiya daga jikin bango na ba ta. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta riƙe shi da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta mayar da shi baya kaɗan, irin ɗaurin mutanen da. Hawaye na zuba ba ta share ba. Sai na ga ta ɗan rusuna, kamar yadda yarinya ke yi a gaban babba.

"Ina wuni, Inna," in ji ta.